Karnukan da Suka Riga Liman Cin Hanta

Maigidana ba ya nan. Ya rasu da ruwan farko na daminar bana, bayan jinyar ƙirji, aka kai shi makabartar da ke bayan kukar Mabai, garinmu. Bakansa na nan rataye a zaure babu tsirkiya, yadda ya shekara yana cewa gobe zai ɗaura. Ƙahonsa ma na nan. Muryarsa ce babu, kuma tun da aka rufe shi ba a sake yin cika-baki mai kyau a garin nan ba. Masu ƙarya suna nan, amma duk 'yan koyo ne.

Ni ce matarsa, Suwaibatu. Karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, don haka yadda abu ya faru haka zan rubuta shi. Sunansa ban taɓa kamawa ba yana raye, ba kuma yau zan fara ba. In kun ji shi a nan, a bakin mutane kuka ji.

Shi dai maharbi ne, in shi ka tambaya. In ni ka tambaya, da nake dafa abin da ya kamo, zan ce mun taɓa cin bushiya, mun kuma taɓa cin wata kurciya da nake zaton tsufa ya riga shi kashewa. Amma a bakinsa ya kashe damisa a dajin Damari, ya kuma kori kura tun daga Tafoki har Faskari da takalmi ɗaya. Duk shekara damisar nan sai ta ƙara tsawo.

Shekarar da zan ba ku labari, Babbar Sallah ta faɗo daidai lokacin da gyaɗa ke nuna. A shekarar Sarkin Baka ya rasu, wato shugaban maharban gari. A shekarar ne kuma wani ƙaton gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa, ya mai da gonakin gyaɗarmu akushinsa. Maigari ya tara maharba ya ce washegarin Sallah za a fita farauta, za a gayyato na Tafoki da na Damari su taya mu, kuma duk ɗan Mabai da karnukansa suka tsai da gadun nan, shi za a naɗa wa rawanin Sarkin Baka.

Kowa ya san mutum ɗaya ne zai iya, wato Gide, wani maharbi marar magana mai kare ɗaya ramamme da ake kira Duna. Kowa ya sani ban da maigidana. Rawanin nan shi ne abin da yake so a duniya. Na taɓa shiga ɗaki na same shi ya naɗa zanena a ka yana duba fuskarsa a ruwan randa. Ya ce ciwon kai yake ɗaurewa.

Matsalarsa ɗaya ce, ba shi da kare. Ana cikin haka ya ɗauki kayan wani Baturen auduga zuwa barikin Ƙanƙara. Ya dawo da yamma yana tafiya kamar wanda ya tsinci doki.

"Suwaiba, na gano asirin Turawa."

"Na agogo ko na jirgin sama?"

"Na kare. Kin ga karen Baturen nan? Maraƙi ne, wallahi. Na tsaya bayan madafa na ga kuku shina yanka mashi hanta. Na tambaye shi, ya ce ɗan yanki ake ba shi jefi-jefi, a haɗa da abinci."

"To, Allah ya ba Bature lafiya."

"Ba ki gane ba. Rowa gare su. In ɗan yanki jefi-jefi ya mai da kare maraƙi, hanta zalla kullum mi za ta mai da shi?"

"Maigida," na ce, "mu kuma mu koma barorinsa."

Bai ji ni ba. Dama ba ya jin magana sai tasa.

Ya tafi Tafoki ya dawo da karnuka biyu, waɗanda mai su ya rako shi har bakin gari yana ta sa masa albarka. Wannan ma bai sa ya yi tunanin komai ba. Ɗaya ja ne mai kunne guda a tsaye, ya sa masa suna Razdan. Ɗayan baƙi ne, in ya dube ka sai ka ji kamar ya riga ya yanke maka hukunci, shi ne Joji. Ya ce karen da za a ciyar da abincin Turawa dole a ba shi muƙamin Turawa.

Mahaucin garinmu ƙanena ne, Rabo. Kun san tsakanin mutum da ƙanen matarsa ba a jin nauyin baki. Ranar kasuwa ina zaune da daddawata kusa da rumfar fawa sai ga maigidana ya zo ya ce a ba shi hantar sa guda, kada a rage ko gefe.

"Mijin Yaya, wa ya haihu?" in ji Rabo.

"Ba wanda ya haihu. Ta karnuka ce."

Kowa a rumfar ya juyo. Wani tsoho da ya zo sayen tumbi ya cire hula ya sake sawa.

"Yaya Suwaiba ta taɓa cin hanta guda a gidanka?"

"Yayarka za ta kama gadu?"

"Ka gwada ba ta abin da za ka ba su. Har zaki sai ta kawo maka da rai."

"Yanka mani, yaro. Ranar da aka naɗa ni, kai za ka riƙe mani linzami."

"Na jakin wa?"

Haka dai aka yanka. Daga ranar nan dawar rumbunmu ta fara tafiya rumfar Rabo ƙwarya-ƙwarya, hanta na dawowa gidanmu tana wuce ni a tsakar gida kamar ba ta san ni ba. Kuma ba a ba su abinci haka kawai. Sai ya tsaya ƙofar gida ya busa ƙahon farauta tukuna, wai don su saba da kiran daji. Safe da yamma ana busa ƙaho, ana zuba hanta. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Abu na farko da hantar ta haifar shi ne zawo. Ba zan tsawaita ba, masu karatu na iya kasancewa kusa da abinci. Ya isa in ce Malam Maharazu, limaminmu, wanda tun ƙuruciyarsa ta ƙofarmu yake bi zuwa masallaci, ya koma zagayawa ta bayan marina. Maƙwabciyarmu Talatu ta leƙo ta danga da hanci a toshe.

"Malam Barau, don Allah mi ya mutu a gidanku?"

"Ba abin da ya mutu. Tsoro ne ke fita daga jikinsu."

"To ka ce masu su bar kawo shi gindin dangata."

"In ya gama fita, za ki ga jarumta."

"Da wanga tsoro da ke cikinsu, ai sai baɗi."

Da cikinsu ya ɗan lafa, sai suka kama ƙiba. Razdan ya yi wuya ninki-ninki kamar ɗan kasuwar da ya ci ribar gyaɗa. Joji kuwa in zai tashi sai ya yi shawara da ƙafafunsa. Rannan na miƙa masu ƙanzo, irin wanda kowane kare a ƙasar nan ke rawa in ya gani. Razdan ya sansana, ya ɗaga kai ya dube ni kamar na zagi ubansa. Kazata mai 'yan tsaki ta taso masa, ya gudu ya ɓuya bayan turmi.

"Malam, kaza ta kori Razdan."

"Bai gudu ba. Babba ba ya faɗa da mace."

Kazar ba ta daɗe ba. Rabo sai ranar kasuwa yake yanka, karnukan kuma ba su san wani abu wai shi ranar kasuwa ba. Sai aka koma kan kajina, ana yankawa ana cire masu hanta a bar mana sauran. Gaskiya ita ce wannan ne lokacin da na fi cin nama a gidan maharbi, kuma duk ni na yi kiwonsa.

Wani abu kuma, karnukan sun gano inda hanta ke fitowa. In Rabo ya gifta, sai su bar maigidana tsaye yana kira su bi shi suna kaɗa wutsiya. Har ƙofar masallaci suke raka shi su zauna jira. Rabo ya ce shi bai taɓa samun masoya irinsu ba, ko matarsa ba ta jiransa haka.

Da Sallah ta matso, maigidana ya ce za a yi gwaji. Ya gayyaci Gide da Rabo su zo gonarmu su ga abin mamaki. Ban je ba, amma Rabo ya ba ni labari, kuma wandon da ya dawo gida ya gaskata shi.

Da aka isa gona, karnukan suka nemi inuwa suka miƙe. Ya yi kira, ya yi fito, ya yi masu kirari. Joji ya yi hamma. Zomo ya fito daga cikin gyaɗa, ya tsaya ya sosa kunne a gabansu, ya wuce abinsa a hankali don kada ya tashe su.

Amma maigidana ba ya rasa dabara, ita ce ma cutarsa. Ashe ya taho da hanta a ƙunshe cikin ganye. Ya cusa ta a aljihun wando, ya ce zai ruga wajen da zomo ya bi, su kuma ƙanshi zai ja su su biyo, daga nan sai su ga zomo su tuna aikinsu. Ya ruga. Suka tashi. Rabo ya rantse bai taɓa ganin kitse na gudu haka ba. Sai dai ba su tuna da zomo ba. Razdan ya kama aljihu, Joji ya kama mazauni, maigidana ya bar masu rabin wando ya haye ɗorawa.

"Kun gani?" ya ce daga sama, yana haki. "Kun ga tsalle? Karen da ya kusa sauko da ni daga ɗorawa, ina gadu zai tsere mashi?"

"Gaskiya ne," in ji Rabo. "Saura a ɗinka wa gadun wando mai aljihu."

Gide bai yi dariya ba, shi ba ya yi. Ya dubi karnukan suna lashe ganye ya ce, "Ni ƙanzo nake ba Duna. In ya kama abu, in ba shi kayan ciki. Karen da ya ƙoshi, mi zai nema a daji?"

Da mutum mai hankali aka gaya wa, da ya rage hanta ya koma ƙanzo tun da sauran lokaci. Maigidana kuwa ya sauko daga ɗorawa da sabon ilimi. Ya shigo gida ya riƙe bayan wando da hannu ɗaya, yana nuna sama da ɗayan.

"Suwaiba, na gano inda Bature ya tsaya. Hanta ta gina su, yanzu yunwa za ta wasa su. Daga jajibere ba za su ɗanɗana komai ba sai ranar farauta. In na sake su, gadun nan zai yi da-na-sanin haihuwar shi."

"Kai ka gano, ko Gide ya faɗa?"

"Gide ya faɗi rabi, bai san ma ya faɗa ba."

Ranar jajibere ya kafa turaku biyu a bayan zaure ya ɗaure su da igiyar rama. Na taɓa igiyar na ce ta yi laushi.

"Ni na tufka ta da hannuna," ya ce.

"Shi ya sa na faɗa."

Suka wuni suna kuka. Talatu ta leƙo ta ce in jarumtar ce ta iso, ita ta fi son tsoron.

Yanzu sai in tuna maku yadda muke yin Babbar Sallah, ko da yake kun sani. Mai layya ba ya sa komai a baki da safe. Sai an sauko daga idi, Liman ya yanka nasa, kowa ya koma ya yanka, a feɗe, a ciro hanta a gasa, da ita maigida zai fara cin abincin ranar. Dattawanmu ba sa wasa da wannan loma. Mutum zai haƙura da cinya, zai haƙura da ƙirji, amma lomar hantar nan tun watan jiya yake tunaninta.

A Mabai kuma, ragon Liman da na Maigari a ƙofar gidan Maigari ake feɗe su, Rabo ne ke gashi. A shekarar an shimfiɗa tabarmi da yawa saboda baƙi, maharban Tafoki da na Damari sun iso don farautar gobe. Mu mata muka kawo tuwo da fura muka tsaya gefe. Kowane magidanci ya ruga gida ya yanka abinsa. Maigidana kaɗai bai je ba. Akuyar layyarmu, wadda ita ma tawa ce, tana nan ɗaure tana jiransa, shi kuwa ya ga baƙi, wato ya ga kunnuwan da ba su taɓa jin labarin damisa ba.

Na tarar har ya kai inda damisar ta roƙe shi gafara. Wani dattijon maharbi daga Damari, mai tabo a kumatu, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ikon Allah. A dajinmu aka yi wannan ban ji ba. To ina karnukan da ake ta faɗi?"

"Suna hutawa. Irinsu ba a fito da su a rana."

"Ko dai suna dajin da damisar take?"

Aka yi dariya. Na ga kunnen maigidana ya motsa, na san an gama. Ya ciro ƙahon daga kafaɗa.

"Ka ga wanga ƙaho? In na busa shi, ko suna ƙarƙashin ƙasa sai sun zo."

Na ɗaga murya daga cikin mata na ce, "Malam, kada ka busa!"

"Ji mace," ya ce wa baƙin. "Tausayin gadu take ji."

A daidai lokacin Rabo ya sauke hantar ragon Liman daga wuta, ya barbaɗa gishiri, ya ɗora a faifai ya ajiye gaban Malam Maharazu. Ta Maigari na kan garwashi tana tsartsar mai. Iska kuma ta ɗauki hayaƙin ta nufi unguwarmu da shi.

Ya busa.

Wannan karo kaɗai, a duk zamana da shi, ya faɗi magana ta zama gaskiya. Sun zo. Razdan ne a gaba da guntun igiya a wuya. Joji na biye, shi igiyarsa ba ta tsinke ba, turken ya tumɓuke yana jansa a baya. Karnukan da kaza ke kora, ga su sun miƙe kamar kibiya. Tun da suka zo gidanmu ƙahon nan abu ɗaya yake nufi a wurinsu, kuma ga abin nan a faifai.

Liman ya yi bismilla ya miƙa hannu. Hannun ya sauka a kan faifai. Hantar tana bakin Razdan, Razdan yana tsallake kafaɗar wani baƙo. Joji ya ɗauke ta Maigari daga kan wuta da zafinta, turkensa ya maƙale ƙwaryar fura ya kife ta a cinyar dattijon Damari, ya shari tabarma, ya ɗauke ƙafar mai shelar gari.

Da a nan suka tsaya, da da sauƙi. Amma a wannan sa'a babu ƙofar gida a Mabai da ba a ciro hanta ba. Wata na cikin ƙwarya, wata na kan wuta, wata na hannun maigida yana wankewa. Suka shiga gari. Mu muna tsaye muna jin tafiyarsu da kunne, salati na tashi daga wannan gida ya koma wancan.

"Ta tahi!"

"Ku tare ta nan!"

"Wayyo hantata!"

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne zaɓen da suke yi. Ga cinya rataye, ga ƙirji, ga kitse, ba sa ko kallo. Su tsallake rago guda su ɗauki hanta kaɗai, kamar masu sayen zane da suka san abin da suka zo nema. Tarbiyya ta yi rana. Maza suka bi su da manyan riguna na Sallah, wani da wuƙar fiɗa, wani da muciya, wani da takalmi a hannu. Talatu ta jefi Joji da taɓarya ta sami mijinta a gwiwa. Maigidana na bayan kowa yana busa ƙaho don ya kira su, su kuma duk busa ɗaya sai su ɗauka cewa yake yi su ƙara.

Ba wanda ya kama su. Su suka gaji don kansu. Suka dawo ƙofar Maigari ciki na jan ƙasa, suka ratsa taro, suka kwanta a ƙafafun maigidana. Joji ya ɗora haɓa a kan takalminsa ya yi gyatsa. Ko da akwai mai shakkar karnukan wa ne, ya huta.

Gari duka ya taru. Dattawa na tsaye da yunwa tun safe, kowa da faifai babu komai. Na ja mayafi na rufe fuska, na bar ido ɗaya.

Maigari ya dubi maigidana ya ce, "Barau."

"Ranka shi daɗe." Ya durƙusa, amma bakin bai durƙusa ba. "Abu ɗaya zan tambaya. An ga gudu ko ba a gani ba?"

"An gani."

"An ga sun yi kuskure ko sau ɗaya? Gari guda da makamai bai tare su ba. To ina gadu, da ba shi da ko muciya?"

Dattijon Damari yana matse fura daga rigarsa ya ce, "Mu an ce mu zo mu taya ku mugun dawa. Ba a gaya mana a gida kuke kiwon shi ba, har guda biyu."

Liman bai ɗaga murya ba. Tsoho ne, ga yunwa. Ya ce, "Barau, ka yanka taka?"

"Tukuna, Allah gafarta Malam. Ina baƙi."

"Alhamdu lillahi. Ashe akwai hanta ɗaya da ta rage a Mabai. Je ka yanka, ka kawo ta nan."

Aka raka shi kamar ango, don kada hantar ta ɓace a hanya. Aka yanka akuyata, aka kawo, Rabo ya gasa. Karnukan na kwance ko ido ba su buɗe ba. Rabo ya yayyanka ta ƙanana-ƙanana kamar ɓarin goro, aka bi duk wanda aka yi wa ɓarna aka sa masa a tafin hannu. Maigidana na tsaye yana bin faifan da ido. Da aka zo kansa, gishiri ya rage.

"Nawa fa?"

"Naka na cikin Razdan," in ji Rabo. "In ka yi haƙuri zuwa gobe zai dawo maka da shi."

Liman ya ce daga wannan Sallar, duk shekara hantar layyar gidanmu a nan za a kawo ta a raba, Maigari ya ce haka za a yi. Ana shirin watsewa maigidana ya matsa ya rage murya, wai shi a asirce, amma kowa na ji.

"Ranka shi daɗe, maganar rawanin fa?"

Maigari ya juya kai gefe, dariya na girgiza kafaɗunsa. Rabo ne ya sunkuya ya kwance igiyar wuyan Joji, ya naɗa wa mijin yayarsa a kan hula, ya bar jela na lilo ta baya. Ya ja da baya ya ɗaga hannu.

"Allah ja zamanin Sarkin Hanta!"

Gari ya amsa gaba ɗaya, har baƙi. Daga Mabai sunan ya bi maharba zuwa Tafoki, ya sauka Damari, ya zaga kasuwar Sabuwa ya dawo mana da ƙari.

Washegari aka fita farauta. Razdan da Joji ba su fita ba, tsoro ya sake dawowa yana fita daga jikinsu, wannan karon na gari guda. Duna ya tsai da gadu a bakin rafi, Gide ya sha rawani bai ko yi murmushi ba. Maigidana ya ce kukan da karnukansa suka yi ranar jajibere ne ya kashe wa gadun jiki, Gide gawa ya tarar tana tafiya.

Bai sake cin hantar layyarsa ba har ya bar duniya. Bai kuma taɓa yarda ya yi kuskure ba. Ya ce laifin igiya ne, ramar shekarar ba ta yi kyau ba. Amma wata al'ada ta tsiro a garin. Duk Babbar Sallah, in an idar, Liman ya kama wuƙa, sai Rabo ya ɗaga murya a filin idi ya ce, "Sarkin Hanta, an ɗaure su?" Shi kuma ya miƙe ya gyara riga ya ce, "Da igiyar da na tufka da hannuna!" Sai kowa ya yi kamar zai ruga gida ya rufe ƙwarya. Yara da ba a haifa ba lokacin da abin ya faru su ma sun iya. In ya dawo gida sai ya ce mini, "Kin ji? Ko Sarkin Baka ba a kiran shi a idi."

Bana ina cikin takaba, ban fita ba. Da hantsi Rabo ya shigo da faifai a rufe, ya zauna bakin ƙofa bai yi wasa ba. Ya ce Liman ya ce hukuncin ya ƙare, ga hantar gidanmu an dawo mini da ita dungum. Na ce ya aka yi idi. Ya ce, "Yaya, bakina ya riga ni. Liman na kama wuƙa na ji na ce, an ɗaure su? Kowa ya juya wajen da mijinki yake zama."

Ya turo mini faifan ya miƙe.

Razdan ya daɗe da mutuwa. Joji na nan, ya tsufa, haƙora sun zube, ƙanzo nake jiƙa masa yana ci yana godiya. Da Rabo ya tafi na buɗe faifan. Hanta ce guda, a gabana, ni kaɗai, abin da ban taɓa samu ba a gidan nan. Ban kai ko loma baki ba. Joji ya ɗago kai daga bakin zaure yana dubana da idon nan nasa na hukunci. Na yanko masa, ɗan yanki, na haɗa da ƙanzo, yadda kukun Bature ya faɗa tun farko.

Ku da kuka karanta, kun yi masa dariya, kuma ba zai ji haushi ba, cewa zai yi sunansa ya kai inda na Gide bai kai ba. To ku taya ni da abin da ya fi dariya amfani. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa damisar da bai kashe ba da kurar da bai kora ba, ya haskaka kabarinsa, ya sa shi inda ba a raba abinci a tsallake shi. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Ku ce amin.